Kwamitin mazaɓa, direban tasha da mai bi gida-gida: wa ke riƙe da lafiyar unguwa?

A watan Nuwamban 2024 ministan lafiya na Najeriya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da cewa za a riƙa yi wa mata marasa galihu tiyatar haihuwa kyauta, tare da ƙaddamar da wani shiri na rage mutuwar mata masu juna biyu da aka ce zai mayar da hankali kan ƙananan hukumomi 172 da matsalar ta fi ƙamari. Watanni biyu bayan haka gwamnatin Amurka ta dakatar da yawancin tallafin da take bayarwa ga ƙasashen waje, abin da ya taɓa ayyukan lafiya da dama a Arewa. Kafin waɗannan labarai biyu kuma akwai dokar 2022 da ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa. Mutumin da ke zaune a ƙauyen Jigawa ko a wata unguwa ta bayan garin Kano yana jin duk wannan a rediyo, amma idan matarsa ta fara naƙuda da tsakar dare, tambayar da ke gabansa ita ce wa zai kira, wace mota zai samu, kuma nawa zai riƙe a aljihu.

Amsar wannan tambaya, a mafi yawan wurare, tana hannun mutanen unguwar da kansu. Akwai tsare-tsare da dama da aka gina a kan wannan, wasu gwamnati ce ta kafa su, wasu ƙungiyoyin agaji ne suka kawo su, wasu kuma sun girme su duka, kuma saboda sunayensu sun yi yawa, jama'a kan cakuɗa su.

Kalmomin da ake cakuɗawa

Abu na farko shi ne kiwon lafiya a matakin farko, wato ayyukan da ƙaramin asibitin da ake kira sha-ka-tafi yake yi: awon ciki, karɓar haihuwar da ba ta zo da tangarɗa ba, rigakafin yara, gwaji da maganin zazzaɓin cizon sauro, da kula da gudawa da tamowa. Tsarin da Najeriya ta ɗauka tun farkon shekarun 2000 ya mayar da mazaɓa, wato yankin da ke zaɓen kansila ɗaya, ta zama ma'aunin wannan aiki, bisa burin a samu aƙalla asibiti ɗaya mai aiki sosai a kowace mazaɓa. Ƙasar tana da mazaɓu 8,809 a ƙananan hukumomi 774, kuma jihar Kano kaɗai tana da 484.

Kwamitin raya mazaɓa shi ne wakilin jama'a a wannan tsari. Mambobinsa ba ma'aikatan gwamnati ba ne. Ana zaɓo su daga cikin mazauna yankin, da wakilan mata da matasa da malaman addini da masu sana'a, dagaci ko hakimi kuma yakan zama uban kwamiti. Aikinsa a rubuce shi ne sa ido kan asibitin mazaɓar, isar da koken jama'a, da tara mutane idan wani aikin lafiya ya taso. Shi daban ne da 'yan sa-kai masu bi gida-gida, waɗanda yawancinsu mata ne da aka ba horo na 'yan kwanaki ko makonni, kuma daban ne da ma'aikatan lafiya da suka yi karatu a makarantun fasahar kiwon lafiya suke karɓar albashi. Ungozoma ta gargajiya ita ma matsayinta daban, ko da yake a wurare da yawa an jawo ta cikin tsarin domin ta riƙa raka mata asibiti.

Inda abin ya samo asali

Tunanin cewa jama'a su sa hannu a harkar lafiyarsu ya samu gindin zama a duniya a taron ƙasashe kan kiwon lafiya da aka yi a birnin Alma-Ata a 1978, sannan ministocin lafiya na Afirka suka ƙara masa ƙarfi a Bamako a 1987, inda aka amince da tsarin asusun magani mai juyawa: a sayo magani, a sayar wa marasa lafiya a farashi mai sauƙi, kuɗin ya koma sayen wani, jama'ar gari kuma su sa ido. A Najeriya, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, wanda ya riƙe ma'aikatar lafiya daga 1985 zuwa 1992, shi ne ya fi kowa ɗaukar wannan tunani da muhimmanci, kuma a 1992 aka kafa hukumar bunƙasa kiwon lafiya a matakin farko ta ƙasa. Ga Bahaushe, tushen abin ba baƙo ba ne, domin wanda ya san aikin gayya da adashi da gudummawar biki ya riga ya san ma'anar haɗa ƙarfi kan buƙatar da ta fi ƙarfin mutum ɗaya.

Sai dai abin da ya tilasta wa hukumomi ɗaukar jama'a da gaske a Arewa shi ne rikicin rigakafin shan inna. A 2003 aka dakatar da rigakafin a Kano da wasu jihohi saboda zargin cewa an gurɓata maganin, zargin da ya samu masu saurare cikin sauƙi domin mutane ba su manta da gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba. Sai a watan Yulin 2004 aka ci gaba da aikin a Kano, bayan cutar ta riga ta bazu zuwa ƙasashen da a da suka rabu da ita. Darasin da aka ɗauka shi ne cewa sanarwar gwamnati ba ta buɗe ƙofar gidan da mai gidan bai yarda ba. A 2009 aka kafa kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya a matakin farko da goyon bayan Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar, daga 2012 kuma Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fara ɗaukar dubban mata 'yan unguwa domin su riƙa shiga gidajen da namiji baƙo ba ya shiga, suna rubuta jariran da aka haifa, suna halartar suna, suna bibiyar yaran da ba a samu ba. Aikin bai tafi babu asarar rai ba, domin a watan Fabrairun 2013 'yan bindiga sun kashe mata tara masu aikin rigakafi a Kano. An ga shan inna na asali na ƙarshe a Najeriya a Borno a 2016, kuma ranar 25 ga Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da shi, ko da yake wani nau'in ƙwayar cutar da ya rikiɗa yana ci gaba da ɓulla inda rigakafi ya yi ƙaranci.

Jinkiri uku da ke kashe mai naƙuda

Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna cewa mata 512 ne ke mutuwa cikin kowace haihuwa 100,000, kuma yayin da kashi 39 cikin 100 na haihuwa a faɗin ƙasar ke faruwa a asibiti, a Arewa maso Yamma adadin bai wuce kashi 16 ba. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2020 ya ɗora wa Najeriya fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk mutuwar mata wajen haihuwa a duniya. Masana sun daɗe suna fassara wannan da jinkiri uku: jinkirin yanke shawarar a tafi asibiti, jinkirin isa can, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Wannan rabe-rabe yana da amfani sosai wajen gane iyakar abin da jama'a za su iya yi.

Jinkiri na farko a cikin gida yake. Mace na iya ganin jini ko kumburin ƙafa ko ciwon kai mai tsanani, alamun da ke gaban jijjiga, amma ta yi shiru saboda kunya, musamman a cikin fari, ko kuma maigida ya tafi cin rani babu wanda zai ba da izini. A nan ne ayyukan unguwa suka fi tasiri. A shirin da ya gudana a Jigawa da Katsina da Yobe da Zamfara da tallafin Birtaniya da Norway har zuwa 2014, an koya wa mutanen ƙauye alamun haɗari, an nemi mazaje su ba da izini na dindindin tun kafin naƙuda ta zo, an kafa asusun ajiya na gaggawa da ake ranta daga ciki, an kuma tara sunayen masu son ba da jini. A ƙetaren iyaka, a jihar Damagaram ta Nijar, an ɓullo da abin da ake kira makarantar mazaje a ƙarshen shekarun 2000 da tallafin Asusun Kula da Yawan Jama'a na Majalisar Ɗinkin Duniya, inda magidanta da ake ganin girmansu suke zama lokaci-lokaci tare da ma'aikacin asibiti su tattauna dalilin da ke hana mata zuwa awo, sannan su je su yi wa 'yan'uwansu maza magana. Hikimar tsarin ita ce ya nufi wanda shawara ke hannunsa.

Jinkiri na biyu na hanya ne, kuma a nan ne ƙungiyar direbobi ta NURTW ta shigo. A tsarin jigilar gaggawa da aka yi a jihohin Arewa da dama, ana horar da direbobin tasha kan yadda za su ɗauki mai naƙuda da kwantar da ita, ana ba jama'a lambobin wayarsu, su kuma su amince su fito kowane lokaci, dangi su biya kuɗin mai kawai. Ladan da ƙungiya ke ba direban da ya yi wannan aiki shi ne a ba shi lodi ba tare da ya bi layi ba idan ya dawo tasha. Tsari ne mai arha da ya dace da yadda tasha ke aiki, amma ya dogara da farashin mai, kuma tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 abin da ake kira kuɗin mai kawai ya zama nauyi ga talaka. A yankunan Zamfara da Katsina da Sakkwato da ke fama da 'yan bindiga kuwa, fita da dare kanta kasada ce da ba kowane direba zai ɗauka ba.

Jinkiri na uku ya fi ƙarfin unguwa. Idan direba ya kai mace asibiti ya tarar babu ungozoma a bakin aiki, babu wuta, babu allurar tsayar da jini, to duk ƙoƙarin da aka yi a gida da hanya ya tsaya a bakin ƙofa, kuma abin da ya fi muni shi ne labarin zai koma ƙauye, mace ta gaba ba za ta yarda a kai ta ba.

Kuɗin da ke shiga asusun asibiti kai tsaye

Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa asusun samar da kiwon lafiya na tushe, wanda aka fi sani da BHCPF, ta kuma ware masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Dokar ta raba kuɗin: rabi ya bi ta hannun hukumar inshorar lafiya domin biya wa marasa galihu, kashi 45 ya tafi ga magani da gyaran asibiti da ma'aikata, kashi 5 kuma ga agajin gaggawa. Sai a kasafin 2018 aka fara saka kuɗin, kimanin naira biliyan 55. A shekarun farko, asibitocin da aka zaɓa, sama da 8,000, sun riƙa samun kimanin naira 300,000 duk bayan wata uku.

Abin da ya sa wannan ya shafi maganar da ake yi shi ne ƙa'idar fitar da kuɗin. Suna shiga asusun banki na asibitin kansa, kuma shugaban kwamitin raya mazaɓa yana cikin masu sa hannu tare da shugaban asibiti, bayan an tsara abin da za a kashe su a kai. Wato kwamitin da a da aikinsa bai wuce tara mutane ranar rigakafi ba, yanzu yana da hannu a kan kuɗi. Inda aka samu shugaba mai gaskiya da ya iya karanta takardar banki, ana ganin an gyara rufi, an haɗa ruwa, an ɗauki mai gadi ko mai shara. Inda kansila ko wani mai faɗa-a-ji ya cika kwamitin da yaransa, sa hannun ya zama al'ada kawai. Mutane da yawa a mazaɓu ba su ma san akwai kwamitin ba, balle su san sunan shugabansa, kuma wannan rashin sani shi ne babban raunin tsarin, domin mai sa ido da babu wanda ke sa masa ido ba ya daɗewa yana aikinsa.

Ɓangaren inshora shi ne ya fi rikita jama'a. Dokar watan Mayun 2022 ta ce inshora wajibi ce, ta kuma tanadi asusu na musamman domin masu rauni, amma rajista tana gudana ne ta hannun hukumomin jihohi, irin hukumar taimakekeniyar lafiya ta Kano da aka kafa a 2016. Wanda aka yi wa rajista a ƙarƙashin kason marasa galihu yana da haƙƙin a duba shi a ba shi magani a asibitin da aka rubuta masa ba tare da ya biya ba. Wanda ba a rubuta ba zai biya, ko da maƙwabcinsa bai biya ba, kuma guraben sun yi kaɗan ƙwarai idan aka kwatanta da yawan mabuƙata. Har yanzu fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun mutane yake fitowa. Shi ya sa ƙungiyoyin unguwa da kwamitocin masallatai da hukumomin zakka da waƙafi, irin ta jihar Sakkwato, suke ci gaba da biya wa marasa lafiya kuɗin magani.

Saɓanin ra'ayi kan aikin sa-kai

Masu goyon bayan dogaro da 'yan sa-kai suna da hujja mai ƙarfi a rabon maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na damina. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar wannan tsari a 2012 ga yankin Sahel, inda ake ba yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 magani sau ɗaya a kowane wata na tsawon damina, kuma gwaje-gwaje sun nuna yana rage kamuwa da zazzaɓin da kusan kashi 75 cikin 100. Masu rabon 'yan unguwa ne, suna ba yaro kashin farko a gabansu, su bar wa uwa na kwana biyu masu zuwa. Babu yadda ma'aikatan asibiti za su iya kai wa miliyoyin yara wannan magani cikin kwana huɗu ko biyar. Haka ma awon dantsen yaro da 'yar igiya mai launi, wadda idan ta nuna ja, wato ƙasa da santimita 11.5, an san tamowa ta yi tsanani. Uwa ma na iya koyon wannan cikin 'yan mintuna.

Masu suka ba su musanta wannan ba. Abin da suke cewa shi ne an gina aikin a kan gumin matan da su ma talakawa ne, ana ba su alawus da ba ya zuwa a kan lokaci, kuma da zarar mai ba da tallafi ya tattara kayansa sai tsarin ya watse. Suna kafa hujja da ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2018 cewa a riƙa biyan ma'aikatan lafiya na cikin al'umma daidai da aikinsu, da kuma misalin Habasha, wadda tun farkon shekarun 2000 ta ɗauki dubban mata ta horar da su na shekara guda ta sanya su a albashin gwamnati, biyu a kowane ƙauye. Najeriya ta yi yunƙurin haɗa 'yan sa-kai daban-daban a inuwa ɗaya da shirin CHIPS, wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a Lafiya ta jihar Nasarawa a watan Fabrairun 2018, amma biyan su ya rataya a wuyan jihohi, kuma jihohin ba su tafi da gudu ɗaya ba.

Akwai kuma ra'ayi na uku da ake ji daga wasu likitoci, cewa yawan yabon ƙoƙarin jama'a yana ba gwamnati mafaka: idan unguwa ta gina ɗakin haihuwa da kuɗinta, sai a zo a yanke kirtani a ɗauki hoto, ba a turo ungozoma ba. Idan aka auna ra'ayoyin uku da ma'aunin jinkirin da aka ambata, za a ga ba su ci karo da juna sosai ba. Shaidar da ake da ita ta nuna aikin unguwa yana sa mutane su fito su nemi kulawa, amma ba ya samar da kulawar, kuma inda aka ƙara masu zuwa ba a ƙara ma'aikata da magani ba, layi ne kawai ke ƙara tsawo. Nijar ta ga irin wannan bayan ta ayyana kula da yara 'yan ƙasa da shekara 5 da tiyatar haihuwa kyauta a tsakiyar shekarun 2000: zuwa asibiti ya ƙaru sosai, amma jinkirin da gwamnati ta riƙa yi wajen mayar wa asibitoci kuɗinsu ya bar da yawa daga cikinsu babu magani a kanta.

Abin da zai iya sauyawa ga mai gida da uwar gida

Janyewar tallafin Amurka zai fi taɓa abubuwan da ba a gani daga waje: alawus ɗin masu bi gida-gida, man babur na masu duba aikinsu, da jigilar magani da abincin tamowa zuwa ƙauyuka. Iyali na iya lura da cewa matar da ta saba zuwa tambayar katin rigakafin yaro ta daina zuwa, kuma annobar mashaƙo da ta yi ɓarna a Kano a 2023, akasari tsakanin yaran da ba su samu cikakken rigakafi ba, ta nuna abin da ke biyo bayan irin wannan giɓi. Tiyatar kyauta kuwa tana aiki ne a asibitocin da aka amince da su, ga matan da suka cika sharaɗi, don haka yana da kyau mai juna biyu ta tambaya tun a wurin awo wane asibiti ne mafi kusa da ke cikin shirin, kuma iyali su ci gaba da tanadin kuɗin mota da masu ba da jini.

Sauran batun shi ne hukuncin Kotun Ƙoli na ranar 11 ga Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Tun 2011 manufar ƙasa ita ce a tattara kula da ƙananan asibitoci da albashin ma'aikatansu a hannun hukuma ɗaya ta jiha, kuma jihohi da yawa suna cire kuɗin wannan aiki ne daga asusun haɗin gwiwa da ƙananan hukumomi. Idan aka aiwatar da hukuncin sosai, dole a sake zama a fayyace wa zai biya ungozomar sha-ka-tafi, shugaban ƙaramar hukuma ko gwamna. Kowace hanya aka bi, kwamitin mazaɓa ne zai fara sanin ko albashin ya zo ko bai zo ba, kuma duk mazaunin mazaɓa yana iya zuwa asibitin ya tambayi sunan shugaban kwamitin, ranar da suke zama, nawa ne ya shigo asusun a wata ukun da suka wuce, da abin da aka saya da shi.